Ruwan da Ya Zo Babu Hadari

'Yata Hadiza ce ta faɗa mini, ran nan da ta zo yi mini awon jini, cewa yayanta ya fara magana da 'yan kwangila a kan filin nan na bakin teku. Ta faɗa tana naɗe igiyar na'urarta, kamar maganar ba komai ba ce. Wai zai gina gidan da mahaifinsu ya so ginawa aka hana shi. Ba ta ce wa ya hana ba, ni ma ban tambaya ba, don duk zuri'ar nan an san wadda ake nufi. To, Baba Ƙarami, wannan wasiƙa taka ce, ko da yake ƙannenka da 'ya'yanku za su karanta. Kai ne ɗan fari, kuma sunan surukina ka ci, saboda haka bakina bai taɓa kama sunanka ba, balle in zaunar da kai in yi ta zuba kamar yadda nake ganin matan ƙasar nan suna yi da 'ya'yansu. Mu ba haka aka rene mu ba. Shi ya sa na ɗauki biro, tun kafin ka zuba ƙarfinka da na iyalinka a wurin nan.

Sai na fara da kakanka, wanda ba ka taɓa gani ba. Magini ne a wani gari cikin ƙasar Katsina, ginin ƙasa, soro da azara. Yana da ƙa'ida guda wadda ko hakimi bai isa ya sa shi karyawa ba: ba ya aza harsashi a filin da bai tsaya a kansa ana ruwa ba. In ka sayi fili da rani ka zo masa da gaggawa, sai ya ce ka je ka dawo da damina. Ranar da aka kece da ruwa, kowa na gudu ɗaki, shi kuwa sai ya kifa malafa ya fita, ya tsaya tsakiyar filin yana kallon inda ruwa ya bi da inda ya kwanta. Mutanen garin sun shaida ginin da ya yi ba ya zubewa. Mahaifinku ya zo ƙasar nan karatun aikin gona, ya yi digiri har biyu, ya yi aiki a kamfani har ya yi ritaya, amma in ka tona zuciyarsa ba takardun nan yake alfahari da su ba, wannan abu na babansa ne.

Kun dai taso kun ga yadda ake yi da shi a Greensboro. Duk wani namu da zai sayi gida, ko ɗalibi ne mai neman haya can gabas kusa da jami'a, ko likita ne mai hangen unguwar masu kuɗi ta Sedgefield, sai ka ji an ce, a kai Alhaji ya duba tukuna. Dillali na ta buga waya, mai saye na ta zumuɗi, shi kuwa sai ya ce a jira hadari. Sau nawa ya tashi daga kan tuwo don ya ji tsawa? Ya zari rigar ruwa da makullin mota, ni kuma in bi shi da magana.

"Alhaji, kai da kwaɗi ban san wanda ya fi murna da hadari ba."

"Ki rufe mini tuwon, yanzu zan dawo."

Bai taɓa dawowa yanzun ba. Amma fa yana gani. Jar ƙasar yankin nan tana riƙe ruwa kamar ta gida, kuma mutum nawa ya raba da gidan da ƙarƙashinsa ke zama tafki. Gidan namu na McLeansville ma haka ya zaɓe shi, ga shi har yau ko danshi ba mu taɓa gani ba. A masallaci in ya shigo ana matsa masa wuri, kuma ba don dukiya ba ne, don ba shi da ita.

Maganar teku kuwa, ku da aka haifa a nan ba za ku gane ba. Ni na tashi ina jan guga a rijiyar da sai hannunka ya yi kanta kafin ka ji ruwa. Shi ma haka. Ranar da muka fara ganin teku, kuna ƙanana, ku kun ruga kuna ihu, mu biyu kuwa muka tsaya kamar an dasa mu. Can sai ya ce, "Ikon Allah, duk wannan kuma ba mai shi." Tun daga ranar abin ya shiga ransa. Da ya ajiye aiki, ku kuma kun watse kowa da garinsa, sai ya fara zancen gida a bakin ruwa, gidan da za a riƙa haɗuwa da Sallah da lokacin hutu, mai tsakar gida da lambu, inda jikoki za su yi ta gudu. Ya samo fili a wani ɗan ƙauyen masunta, tafiyar kusan rabin yini daga nan. Bayan filin akwai fadama mai dogayen ciyayi, daga gaba kuma kana jin ƙugin teku ko ba ka gan shi ba. Gidajen wurin duk a kan ƙafafu suke kamar rumbu. A hanya kuma akwai wani daji da itatuwansa suka bushe a tsaye, fari fat, ba ganye ko ɗaya. Na tambaye shi abin da ya kashe su, ya ce wataƙila guguwa ce ko wata cuta.

Hadiza ta yi magana tun a lokacin, a ba ta haƙƙinta. Ta zo da taswira a wayarta, ta nuna masa filin cikin wani shuɗin launi, ta ce masana sun ce teku na ƙaruwa kaɗan-kaɗan kowace shekara, ƙasar wajen kuma tana nutsewa, shi ya sa masu inshora ke ja da baya. Ya saurare ta har ta gama, don shi ba mai katse yaro ba ne.

"Hadizatu, wanda ya zana wannan, ya taɓa tsayawa a filin ana ruwa?"

"Baba, ba maganar ruwan sama ba ce."

"To ruwan ina ne? Bari dai in je in gani da idona."

Ya je kuwa, ba sau ɗaya ba, kuma da ni. Ya riƙa bibiyar labarin yanayi, ranar da aka ce za a tafka ruwa a gaɓar teku sai mu kama hanya. Na zauna a mota ina kallonsa ta gilashi, ya tsaya tsakiyar filin, ruwa na dukansa kamar da bakin ƙwarya. Yashi ne wurin, yana shanye ruwa tun kafin ya taru. Ya dawo mota jagab yana dariya, ya ce tunda yake bai taɓa ganin fili mai lafiya irin wannan ba, da babansa na raye da ya yi masa sha'awa. Ni ma na yarda, don me zai hana? Abin da na sani ke nan tun ina yarinya, ruwa daga sama yake zuwa, kuma sai ya yi sallama da hadari. Guguwa ce kawai ya amince za ta iya turo ruwa wurin, shi ya sa ya yarda a ɗaga gidan kamar yadda doka ta ce. Ya dasa ɓaure a kusurwar filin tun ba a fara komai ba.

Kai ka san abin da shekarar nan ta zamar muku, kai da shi. Ba sai na tuna maka shekarun da kuka yi kuna zaune a tebur ɗaya, shi yana tambaya da Hausa, kai kana amsawa da Turanci a taƙaice ba. Gidan nan ne ya haɗa ku. Kai ka zana fulan ginin, shi yana leƙe ta kafaɗarka yana cewa a ƙara faɗin zaure, a juya ɗakin salla ya kalli alƙibla sosai. Ina kicin ina jin ku kuna gardama kuna dariya, wallahi har hawaye na yi a kan albasar da ban ma fara yankawa ba. Ranar addu'ar fara gini aka yanka rago, motocin jama'ar masallaci suka yi jerin gwano har can, mata muka baza tabarmi muka raba waina da nama. Kai ka kafa turaku ka ja igiya, turken alƙibla kuma, da yake shi ne na farko, ka zaɓi katako mai kauri, ka haƙa rami mai zurfi ka zuba masa siminti, ka shafa wa kansa jan fenti. Mahaifinku ya miƙe a gaban kowa ya ce ya tsaya a kan filin nan cikin ruwa kamar yadda mahaifinsa ya koya masa, kuma ya ga alheri. Liman ya ce tunda Alhaji ya duba, ai magana ta ƙare.

Da kaka ta shigo, ganye ya fara ja, saura kaɗan masu aikin harsashi su fara, sai ya ce mu je ya sake duba igiyoyin. Da kai za a je, aka kira ka wurin aiki, muka tafi mu biyu. Ina tuna tsakiyar wata ne, don ina azumin nan na fararen kwanaki, har na ƙulla dabino da kunu a jaka. Sararin sama tas, ko gajimare ɗaya babu, rana mai daɗi, iska ba ƙarfi. Muna shiga ƙauyen sai na ga ruwa kwance a gefen titi. Muka ƙara gaba, sai ga shi yana ɓulɓulowa daga ramukan magudana, wato inda ya kamata ya shige nan yake fitowa. Ya tsaya a gidan mai ya tambayi matar da ke kanti ko an yi ruwa jiya. Ta ce rabonsu da ruwan sama an kwana biyu, wannan teku ne ya ciko, haka yake yi in wata ya cika a irin wannan lokaci, kuma bana ya fi bara. Ta faɗa tana ba wani canji, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Da muka isa, babu fili. Igiyoyinka ne kawai a miƙe a kan ruwa, da kawunan turaku. Ruwan garau, kana ganin ciyawa a ƙarƙashinsa tana kaɗawa, har da 'yan ƙananan kifaye suna yawo a inda ka zana mini kicin. Ba igiyar ruwa, ba ƙara, ba komai, shigowa kawai yake a hankali ta cikin fadama. Mahaifinku ya fito ya tsaya a bakin titi, abu na farko da ya yi shi ne ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya juya gabas, ya juya yamma, yana neman hadarin da ya kawo wannan. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji nasa a lokacin ba. Sai ya cire takalmi, ya naɗe wando, ya shiga. Ya je wurin ɓaurensa, wanda ganyensa ya daɗe da ƙonewa yana cewa iska ce. Ya duƙa ya kamfaci ruwan ya kai baki, ya tofar.

"Hajiya, gishiri ne."

 Ya bi turakun nan ɗaya bayan ɗaya yana girgizawa yana tumɓukewa, yana naɗe igiya a hannu. Da hannunsa ya yi, Baba Ƙarami, ba wanda ya sa shi, ni ko daga mota ban fito ba. Da ya zo kan turken alƙibla ya ja, ya ƙi motsi, don ka kafa shi da gaske. Ya tsaya dafe da shi. Can ya ciro 'yar wuƙarsa ta aljihu, ya jira har ruwan ya daina hawa, ya yi wa katakon tsaga mai zurfi daidai inda ruwan ya tsaya, ƙasa da gwiwarsa kaɗan.

Muka zauna a mota, turakun a but ɗin baya suna ɗigar ruwa. Abin da ya fi tayar masa da hankali bai zo ba sai daga baya. Kafin la'asar ruwan ya janye kaf, yashi ya shanye saura, filin ya koma kamar yadda muka san shi, sai ɗan danshi.

"Da na tsaya cin abinci a hanya, da ba mu ga komai ba," in ji shi. "Da na sa yaron nan ya gina. Da na tara jikokina a nan."

"Allah ne ya kawo mu a kan lokaci."

"Baba ya koya mini in dubi sama. Bai san akwai inda ruwa ke zuwa ba hadari ba. Ni ma ban sani ba, ga shi kuma yarinya ta faɗa mini."

Sannan ya faɗi abin da ke cin sa. Ya ce da wane ido zai dubi jama'ar da ya tara, ya ambaci sunan mahaifinsa a gabansu? Ya ce in su ya iya, kai fa? Ka yarda da shi karo na farko tun kana yaro, ga shi abin da ya ba ka ruwa ne. Na dubi mutumin nan, furfura ta gama kansa, wandonsa a jiƙe. Ni na kawo shawarar, ba shi ba.

"Ka ce ni na ƙi."

"Haba, Hajiya."

"Ka ce na ce ba zan zauna nesa da asibiti da jama'a ba, kuma ba na son hawa bene. Ai ba ƙarya ba ne, gwiwoyina sun shaida. Mace in ta ƙi, ba mai tambayar dalili."

"Yaron nan zai riƙe ki."

"Ɗana ne, zai huce."

Haka aka yi. A masallaci aka yi ta yi masa dariya, wai Hajiya ta fi ƙarfin Alhaji, ya bi su da murmushi. Mata suka yi gulmarsu suka gaji. Sunansa ya zauna inda yake, aka ci gaba da kiransa duba gidaje. Abu ɗaya ne ya canja, wanda ba wanda ya lura sai ni: da wani likita ya zo masa da zancen gidan hutu a bakin teku, ce masa ya yi wannan ba fanninsa ba ne, ya je ya nemi masu taswira, kuma ya saurare su da kyau. Filin kuwa ya ƙi sayarwa, duk da masu buga waya. Kai ka ɗauka bai fid da rai ba ne, yana jiran in sauko. A'a. Ce mini ya yi ba zai miƙa wa wani bawan Allah abin da ya san ruwa ne ba.

Inda lissafina bai yi daidai ba shi ne hucewarka. Ranar da aka faɗa maka, ka zo ka tsaya a ƙofar kicin, ina jiran faɗa, da ma ka yi. Ce mini ka yi, "Oke, Mama," ka juya. Tun daga ranar nake cin wannan oke ɗin. Ba ka taɓa yi mini rashin kunya ba, ba ka fasa aike ba, ba ka fasa zuwa da Sallah ba. Amma gaisuwa ce kawai, sai ka wuce lambu wurin babanka, ku yi ta hira a tsakanin kuɓewa da yakuwa ina hango ku ta taga. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, har yanzu yana yi. Sai dai duk lokacin da na hango ku kuna dariya, nakan ce wa kaina ai abin da na saya ke nan, kuma ban yi nadama ba. Turakun da kuke ɗaure tumatir da su a lambun nan, masu guntun jan zare a wuya, ba ka taɓa gane su ba? Naka ne.

Shi ma bai ji daɗin abin ba. Ya sha ce mini zai faɗa maka, bari a yi Sallah, bari matarka ta haihu, bari a ga bayan sanyi. Yana tsoron ranar ne, ni kuma ban matsa masa ba. Sai ciwon nan ya zo masa farat ɗaya ya ɗauke masa magana. Kana tuna yadda yake riƙe hannunka a asibiti, yana dubanka, yana dubana, bakinsa na motsi? Kai ka ce wa Hadiza gidan teku yake tunawa. Gaskiya ne, shi yake tunawa, amma ba yadda ka zata ba. Bayan mun kai shi makwancinsa a jar ƙasar nan, sai na ga in na buɗe baki zai zama na ɗora wa wanda ba ya iya amsawa. Na yi shiru, kuma da shirun zan tafi, ba don wannan labari da Hadiza ta kawo ba.

Ban ce ka yarda da ni ba. Tsohuwa ce ni, kuma kana da dalilin zargin ina wanke kaina. Jikan magini ne kai, ka yi yadda gidanku ke yi, ka je ka tsaya a kan filin da ƙafarka kafin ka sa hannu a takardar kowa. Sai dai kada ka jira hadari. Ka bari kaka ta shiga, ka duba kwanan wata irin namu, ka tafi ranar da wata ya cika, ranar da sama take tas, ka isa da hantsi kada ka tsaya cin abinci a hanya. Ka tafi da ƙanwarka da taswirarta, ta daɗe tana jiran wani a gidan nan ya ce mata ta yi gaskiya. Na san turken alƙibla na nan, don kai ka kafa shi.

Ka cire takalmi ka shiga, ka jira ruwan ya gama hawa, sannan ka nemi tsagar da ya yi. Ranar da ya yi ta, daidai fuskar ruwa take. In sai ka nutsa hannu kafin ka taɓa ta, to abin da yake ta ƙoƙarin faɗa maka a asibiti ke nan.

In kun juyo, ku biyo ta gida. Zan tuƙa tuwo, kuma wannan karon a kicin nake so ka zauna ka ci.